Yadda ake haɗa keɓaɓɓen ɗakin tsakar gida da babban gini ta rufaffiyar baranda

Gidaje da yawa a Yamai suna da ɗaki guda da aka keɓe can ƙarshen fili, nesa da babban gini. Wani na ɗinki ne, wani na karatun yara, wani kuma tsohuwa ce ke kwana a ciki. Da rani ba a jin nisan. Sai Agusta ta kama, ruwa ya tsinke bayan isha'i, ka ga ana tsallaka taɓo da kwanon tuwo a hannu, wayar wutar da aka ja daga taga zuwa taga tana lilo cikin iska. Maganin wannan gajeriyar baranda ce mai rufi, da ƙofa a kowane ƙarshe.

Mutum uku za su gama aikin cikin mako biyar ko shida, har da kwanakin jiran kankare. Amma ka riƙe abu biyu tun kafin ka sayi buhu ɗaya. Barandar za ta raba tsakar gida biyu, ta tare wa ruwan sama hanya kamar madatsa. Sannan sabon gini ne zai zauna tsakanin tsofaffi biyu da suka riga suka gama zama cikin ƙasa, shi kuwa bai fara ba. Kusan duk ɓarnar da ake gani a irin wannan aiki daga nan take fitowa.

Lissafin da ke ƙasa na baranda ce mai tsawon mita 4, faɗin ciki mita 1 da santimita 20, tsakanin gine-ginen bulo marasa bene. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Oktoba zuwa Fabrairu, bayan damina ta ɗauke, kafin zafin Afrilu.

Kayan aiki

Diga, shebur, baro, cokalin magini, madaɓi, guduma da ƙarfen sassaƙa bango, ma'aunin mita, igiya da turaku, ma'aunin daidaito mai ruwa, tiyo garai-garai mai tsawon mita 10, injin yankan bulo da ƙarfe, allunan zuba kankare, da sandunan tokara huɗu masu ƙarfi. Injin yanka da tokara hayarsu ake yi, ba sai ka saya ba. Ka nemi tabarau da ƙyallen rufe hanci domin ranar yanka bango.

Kayan gini

- Siminti buhu 25 na kilo 50
- Yashi kimanin mita-kubik 4, tsakuwa mita-kubik 2, jan ƙasa ta ciko baro 20
- Bulo mai rami mai kaurin santimita 15 guda 180, bulo cikakke marar rami guda 60 na tushe, da bulo mai hudar iska gwargwadon inda za ka sa
- Ƙarfen kankare na milimita 10 sanda 15, na milimita 6 sanda 12, wayar ɗauri kilo 3
- Ƙarfen rufi mai kusurwa huɗu, milimita 40 bisa 40, sanda 3 masu mita 6, da fentin hana tsatsa
- Kwanon rufi 6 mai tsawon mita 2, shimfiɗaɗɗen kwano na rufe mahaɗa, ƙusoshi masu roba
- Bututun roba na milimita 110, leda mai kauri, da farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin firij

A kasuwar Katako za ka samu mafi yawansu. Ka danna buhun siminti da hannu kafin a loda, ko na Malbaza ne ko na waje. In ka ji dunƙule mai tauri, ya sha danshi, ka bar shi. Yashi kuma ka zuba shi rabin kwalba, ka cika da ruwa, ka girgiza, ka ajiye awa guda. In laka ta kwanta a sama da kaurin da ya wuce ɗan yatsa, wannan yashin ba na kankare ba ne.

1. Bi sawun ruwa kafin ka kafa turke

Nemo inda ruwan gidan yake fita zuwa titi, ka bi shi baya har inda yake taruwa. In damina ta wuce, ƙasa ba ta ɓoye sawu: za ka ga layin yashi mai laushi da tarkacen ganye inda ruwa ya saba bi. In ba ka gane ba, ka juye ganga guda ta ruwa a wuri mafi tudu ka tsaya ka kalla.

Kada ka raina yawan ruwan. Milimita 1 na ruwan sama bisa mita murabba'i 1 lita ɗaya ce. Ke nan rufi da fili masu mita murabba'i 100, in aka yi ruwan milimita 50 a dare ɗaya, sun tara lita 5,000, wato ganga 25 ta lita 200. In wannan ruwa ya iske bango a gabansa, ko ya shiga ɗaki ko ya ci tushe. Mazauna unguwannin kwari kusa da kogi, irin Saga da Lamorde, sun ga aikin ruwa a ambaliyar 2020, su ba sai an tuna musu ba.

Ɗaga kai kuma ka dubi indararon babban gini. In akwai wanda zai zuba bisa sabon rufi, a karkatar da shi yanzu. Ka leƙa ofishin magajin gari na gundumarku ka tambayi zancen izinin gini, kuma kada ka tsara komai da zai juye ruwanka a katangar maƙwabci.

2. Awo da daidaita daɓe

Da wuya daɓen gine-ginen biyu ya zo daidai, kuma ido yana ruɗi. Cika tiyo da ruwa, ka kore kumfar iska duka, don kumfa ɗaya tana ɓata awo. Yi alama a bangon babban gini, mita 1 daga daɓensa. Mutum ɗaya ya riƙe bakin tiyo a nan har ruwan ya tsaya daidai kan alamar, na biyu ya yi alama a bangon ƙaramin ɗaki inda ruwan nasa bakin ya tsaya. Auna daga wannan alama zuwa daɓen ɗakin. Abin da ya ƙaru ko ya ragu a kan mita 1, shi ne bambancin.

In bai kai santimita 10 ba, a shanye shi cikin gangaren daɓe. In ya fi haka, a yi matakala ta santimita 15 zuwa 17 a tsakiyar baranda inda ido ke gani, ba dab da ƙofa ba. In tsoho ne zai riƙa bi, gangare ya fi matakala. Ko ta yaya, daɓen baranda ya ɗara tsakar gida da santimita 20.

Kafa turaku ka ja igiya. Don kusurwa ta miƙe, auna santimita 60 a jikin bango, 80 a kan igiya. Tsakanin alamun biyu ya zama 100 cif.

3. Tushe da hanyar ruwa

Haƙa rami biyu, faɗin santimita 40, zurfin 60, ko ka ci gaba har ka taɓa ƙasa mai tauri in wurin tsohon ciko ne. Da ka matso tsohon gini, ka ajiye diga ka koma shebur, kuma kada ka zarce ƙasan tsohon tushe, don in ka rarake ƙarƙashinsa bangon da ke lafiya shekara ashirin zai tsage. Cire duk saiwa da guntun itace, abincin gara ne.

Yanzu ne ake yi wa ruwa hanya, ba bayan an yi daɓe ba. Daidai inda ka ga sawunsa, ka ratsa bututu biyu na milimita 110 ƙarƙashin baranda, da gangaren santimita 2 a kowace mita. In akwai bishiyar dogon yaro a gidan, ko filin babba ne, bututu zai toshe da ganye da leda da yashi. Gara ka gina magudana mai faɗin santimita 30, ka rufe ta da faifan kankare da ake iya ɗagawa a share. Wannan ya fi tsada kaɗan, amma shi nake ba kowa shawara, domin bututun da ya toshe ƙarƙashin daɓe sai an fasa.

Ƙulla ƙarfen ginshiƙai shida, uku a kowane gefe: sanda huɗu na milimita 10, da zobba na milimita 6 kowane santimita 15, ƙafafun a lanƙwashe cikin tushe. Zuba kankare kaurin santimita 20. Haɗin da za ka riƙe ga duk kankare mai ƙarfe shi ne buhu 1, yashi baro 1, tsakuwa baro 2, ruwa kusan jarka ɗaya ta lita 25, a rage in yashin jiƙaƙƙe ne. Baron a share bakinsa, kada a yi masa tozo. Leburori suna son ƙara ruwa don kwaɓi ya yi sauƙin juyawa. Kada ka yarda. Kankaren da ya yi ruwa-ruwa kamar kunu yana bushewa da ƙananan ramuka a ciki, ƙarfinsa ya ragu.

Bisa tushe a jera bulo cikakke layi biyu ko uku, sannan a zuba ɗamarar kankare ta ƙasa, santimita 15 bisa 20, da ƙarfe huɗu. A wajen Tawa, inda dutse ke da yawa a ƙasar Adar, ana iya yin tushen da dutse da kwaɓin siminti a madadin bulo cikakke, amma ɗamarar ba a barin ta.

4. Bango, da tazarar da ba a cikewa

Ga inda masu sabon hannu suka fi kuskure. Sai mutum ya fasa tsohon bango ya cusa sabon bulo a ciki, wai don su kama juna. Sabon gini zai ɗan nutse cikin shekara ɗaya ko biyu, ko da milimita kaɗan ne, tsohon kuma ba zai bi shi ba. In an ɗaure su, sai ɗaya ya yaga ɗaya. Barandar ta tsaya da ƙafafunta, bisa ginshiƙanta shida. Tsakanin ginshiƙin ƙarshe da tsohon bango, tun daga tushe har sama, ka sa farin soso mai kaurin santimita 2 kafin a zuba kankare. In babu, kwali ninki uku cikin leda ya wadatar.

Hadarin Yamai daga gabas yake tasowa, da guguwa a gabansa, hunturu kuma daga arewa maso gabas. Saboda haka gefen da ya fi fuskantar gabas a rufe shi da cikakken bango mai tsayin mita 2 da santimita 40. Ɗaya gefen a yi rabin bango na mita 1, sama a bar shi buɗe ko a cika da bulo mai hudar iska, a sa raga saboda sauro. Ginshiƙan wannan gefe su ɗara na gabas da santimita 20 zuwa 25, shi ne gangaren rufi.

Kwaɓin jera bulo buhu 1 ne da yashi baro 3. A jiƙa bulo kafin a ɗora, kada mahaɗar layi ta hau kan ta layin ƙasa, kuma kada a wuce layi shida a yini. Wajen zuba ginshiƙi, a bar santimita 2 da rabi tsakanin ƙarfe da allo, a soka kankaren da sanda, a bubbuga allon da guduma har kumfa ta daina fitowa. A ɗamarar sama, kafin kankare ya kama, a dasa guntayen ƙarfe na milimita 6 lanƙwashe kamar ƙugiya bisa kowane ginshiƙi da tsakaninsu. Da su za a ɗaure rufi.

Iskar hunturu tana shanye ruwan kankare kafin ya yi ƙarfi. A yi masa ban ruwa safe da yamma kwana 7, a lulluɓe da jiƙaƙƙun buhuna.

5. Rufi

Yanka sanda ɗaya ta ƙarfen rufi gida uku, ka gitta su bisa ginshiƙai daga gabas zuwa yamma. Sauran biyun su ba ka dogaye biyu masu mita 4, ragowar mita bibbiyu kuma a haɗa su bisa na tsakiya su zama na uku. Mai walda ya kama su, a naɗe ƙugiyoyin ɗamara a kansu, a shafa fentin hana tsatsa. Kada a cusa bakin ƙarfen cikin tsohon bango. Ɗora duwatsu ko tsohuwar taya bisa kwano ba ɗauri ba ne; guguwar farkon damina ta ƙasa take shiga ta ɗaga rufin ɗungurungum.

Kowane kwano ya hau na kusa da shi tudu ɗaya da rabi. Ƙusa a kan tudu ake buga ta, ba cikin kwari inda ruwa ke gudu ba, a tsallake tudu ɗaya a tsakiya, a bakin rufi kuwa kowane tudu. A matse har robar ta zauna, kada ta fashe.

Sai mahaɗar kwano da tsohon bango, inda yoyo ya fi zama. Abin da aka saba gani shi ne a tula kwaɓin siminti a wurin. Kwano yana miƙewa da rana ya koma da dare, siminti ba ya bin sa, kafin damina ta biyu ya rabu. Yadda ake yi: ja layi a bango santimita 15 sama da kwano, yana bin gangaren rufin, ka yanka tsaga mai zurfin santimita 3. Yanko shimfiɗaɗɗen kwano mai faɗin santimita 40, ka lanƙwasa shi, leɓen sama ya shige tsagar a cike da siminti, na ƙasa ya kwanta ya rufe tudu biyu na rufin, a kama shi da ƙusa biyu ko uku kawai. A bakin rufi na gabas a sa mazurari ya kai ruwan bakin magudana, kada ya riƙa zuba a gindin bango.

6. Fasa ƙofa a tsohon bango

An bar wannan sai yanzu don kada gida ya kwana a buɗe. Hanya mafi sauƙi kuma mafi aminci: in akwai taga a wurin, mai faɗin santimita 80 ko 90, ka cire ta ka sauke bangon da ke ƙasanta. Gadar kankaren da ke bisa taga, wadda magina ke kira lanto ko linta, tana nan tana ɗauke da nauyi. Ya cancanci ka gusar da barandar gaba ɗaya tun a mataki na 2 don ta dace da taga.

In babu taga, kashe wutar gidan, ka tabbata babu waya ko bututun famfo a wurin, ka ƙwanƙwasa bangon: bulo yana amsawa da ƙarar rami, ginshiƙi kuwa shiru yake, kuma ginshiƙi ba a taɓa shi. Tokare ƙarafan rufi ko azara daga ciki. Yanka gurbin gada kaɗai, sama da tsayin mita 2 da santimita 10, tsawonsa santimita 130 ga ƙofa mai faɗin 90, don ta zauna santimita 20 a kowane gefe. Cike ramukan bulon da za ta zauna a kai, sa ƙarfe huɗu da zobba, zuba kankare, a cusa sosai har sama. Jira kwana 14. Sannan ka yanka gefe biyu na ƙofar da inji, ka sauke bulo ɗaya-ɗaya daga sama. Babbar guduma tana girgiza bango har ta tsaga shi nesa da inda ake aiki.

In bangon na ƙasa ne, kada ka zuba kankare a cikinsa. Yi amfani da azara ko ƙarfe mai kauri, ya zauna santimita 40 kowane gefe, a sa rabin kaurin bango tukuna, sannan ɗaya rabin, kuma da rani kawai. In gidan bene ne, ko rufinsa kankare ne, wannan mataki ba naka ba ne, ka kira injiniya.

7. Wuta

Tunda ga rufi, a bi da waya cikin bututunta a jikin ɗamarar sama, a ɗan bar mata sassauci inda ta ratsa tazarar nan. Ta taso daga akwatin rabon wuta na gida da makatsinta na kanta, wato abin da ke yanke wuta in ta yi yawa, ba daga bayan wani soket ba. Ga fitila da fanka da keken ɗinki, waya mai jijiya uku ta milimita murabba'i 2.5 da makatsi na amfiya 16 sun isa. In za a sa na'urar sanyaya ɗaki, a ja ta milimita murabba'i 6, a yi wa ɗakin ƙaramin akwatinsa. A sa makatsin kare rai na miliamfiya 30, mai yanke wuta in ta kama mutum, kuma jijiya mai kore da rawaya ta isa ƙasa da gaske. Fitilar baranda a yi mata makunni biyu, ɗaya a kowace ƙofa. In dole a binne waya, zurfin santimita 50 cikin bututu, da jar raga a samanta, ba tare da haɗi ko ɗaya a ƙasa ba. Kai ka shimfiɗa bututu, amma haɗawa da akwati aikin mai gyaran wuta ne da ya san aikinsa. Volt 220 ba ta yafiya.

8. Daɓe, yaɓe da gwaji

Zuba jan ƙasa kaurin santimita 15, yayyafa ruwa, daɓe sosai, sannan ka ƙara wani. Cikon da aka zuba gaba ɗaya yana zama daga baya, daɓe ya yi ƙarar ganga ya fashe. Shimfiɗa leda, zuba kankare santimita 8, da gangaren santimita 1 a mita zuwa gefen rabin bango, inda za ka bar ƙananan bututu biyu na fitar ruwan feshi da na wanki. Dokin kowace ƙofa ya ɗara daɓen da santimita 3.

Yaɓe buhu 1 ne da yashi mai laushi baro 2 da rabi, kaurin santimita 1 da rabi, bisa jiƙaƙƙen bango. Inda sabo ya haɗu da tsoho, kada yaɓe ya haye. Ja bakin cokali daga sama har ƙasa ka raba su, in ya bushe a cike layin da mannin roba mai taushi, ko a rufe da siririn katako da aka kafe a gefe ɗaya kawai. Fenti sai bayan mako uku.

Kada ka jira hadari ya yi maka gwaji. Mutum ya hau da tiyo ya zuba ruwa a bangon da ke sama da mahaɗa minti goma, wani yana ƙasa yana duban ɗigo. Sannan a juye ganga biyu a tudun tsakar gida lokaci ɗaya, a ga ko magudana ta kwashe ba tare da ruwa ya taru a gindin bango ba. Bayan damina ta farko ka sake duba mahaɗa. Siririn layi miƙaƙƙe a inda ka ja cokali ba komai ba ne, sai a sabunta manni. Tsaga mai hawa kamar matakala a jikin bulo ita ce ke nuna ruwa yana shiga ƙarƙashin tushe. Ɗaga faifan magudana ka duba ko ta toshe ko ta fashe, ka gyara can tukuna kafin ka taɓa bangon.